Kure da mangwaron Serah

Shekara goma sha tara Kure ya yi yana sayar da dashen itatuwa a bakin titin Nyanya, shi da matarsa Serah. Shi ne mai cika leda da ƙasa da jan ruwa daga rafi, jarka goma sha biyu kullum a bayan kekensa. Ita ce mai hannun aurar da mangwaro: ta yanko reshen mai daɗi, ta haɗa da jikin na gida, ta ɗaure. A cikin goma, tara sai sun kama.

Da ta rasu bara aka kai ta ƙauyensu kusa da Gwantu, dashe uku ne suka rage daga aikin hannunta. Kure ya so ɗaya ya tsaya a gefen kabarinta. Na farko ya ba direba a tashar Nyanya, aka danne shi da doya. Na biyu ya dahu a but ɗin mota tun kafin Akwanga. Saura ɗaya, mai ganye goma sha ɗaya, ga addu'ar cika shekara ran Lahadi, tsakiyar Maris.

“Oga Kure, wa ke dashe a Maris?” in ji Muktar, mai lemon da ke kusa da shi. “Kwalta ma narkewa take. Ka shiga mota, ka rungume shi a cinya.”

“Mutum huɗu a baya? Na gwada mota sau biyu. Wannan idona zai kasance a kai.”

Ya tashi Alhamis da asuba. Kilomita ɗari da hamsin da 'yan kai, ya raba kwana uku. Dashen yana cikin kwando a bayan keke, an rufa masa jiƙaƙƙen buhun algarara a kan sanduna huɗu. Jarka mai lita biyar, kofi ɗaya, gishiri da sukari a ƙulle. Dokarsa: tafiya daga biyar zuwa goma sha ɗaya, kwanciya a inuwa har uku da rabi. Duk awa kofi biyu nasa, ɗaya na buhu.

Ranar farko ya kwana Keffi, a barandar wata coci. Ganye biyu sun faɗi. Ya ƙirga, tara, ya ci burodi bai ji ɗanɗanonsa ba. Tun rasuwar Serah haka abinci yake masa.

Rana ta biyu taya ta yi faci bayan Garaku, ta cinye masa minti hamsin. Ƙarfe goma sha biyu ta same shi a fili, ba ko bishiya. Iskar da tireloli ke watso masa kamar an buɗe tanda. Ƙarfen birki ba ya taɓuwa. Sai ya lura ya daina gumi, hannunsa a bushe, kuma ya ƙirga falwayar wuta ɗaya sau biyu. Bai tsorata ba. Ya dai san abin da hakan ke nufi, don ya taɓa ganin lebura ya faɗi haka a unguwar Idu.

Ya ja keken ƙarƙashin wata kwalbati. A jarka saura kofi biyu. Ƙasar ledar ta yi tauri, ganye bakwai sun sunkuya. In ya sha, dashen ba zai kai yamma ba. In ya zuba masa, shi ba zai kai fanfo na gaba ba, kuma babu mai ɗauke dashe daga hannun wanda ya faɗi.

Ya zauna yana kallon ledar. Huda shida ne a gindinta, shi ya huda su da ƙusa. Ya ɗora ta a kan duwatsu biyu, ya tura kofi ƙarƙashi, ya tsiyaya ruwan a hankali. Ƙasa ta riƙe nata. Sauran ya ɗiɗɗigo, ja, da ƙamshin taki, bai kai kofi ba. Ya barbaɗa gishiri ya shanye har laka, ya ɗora buhun a kansa, ya kwanta awa uku.

Kilomita huɗu a gaba akwai fanfon burtsatse. Wata mata, A'isha, tana cika bokiti, ga alama azumi take, leɓenta a fashe. Ta dubi jan bakinsa, ta dubi kwandon.

“Baba, kai ka sha ruwan ko itacen?”

“Mu biyu.”

“To sunkuyo. Ni ba halin in sha, amma na iya zubawa.”

Bokiti uku ta juye masa a ka, tana faɗan mazan da ba sa jin magana.

Asabar da la'asar ya shiga ƙauyen yana tura keken. Ganye huɗu. Lucia, ƙanwar Serah, ta tarye shi.

“Yaya, wannan tsinken ka sha wuya a kai?”

Kure ya kankare ɓawon dashen da farce, sama da inda Serah ta ɗaure. Kore ne, da danshi. Ya haƙa rami taku uku daga kabarin, ya dasa, ya kafa sandunan, ya rufa buhun. Lucia ta tsaya tana jira ko zai yi kuka, ko ya ce wani abu. Shi ma ya jira, bai ji komai ba sai zugin gwiwa.

“Yaushe ruwa ke sauka a nan?”

“Sai nan da kwana talatin, in Allah ya so.”

“Safe biyu, yamma biyu. Bokiti ɗari da ashirin ke nan.”

“Lambunka na Nyanya fa?”

“Muktar zai duba.”

Ya kwance jarkar daga keke, ya tambaye ta hanyar rijiya.