Malam Dalili da Ƙafar Yayata

Mijin Yayata mai walda ne, amma a cocinmu ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Malam Dalili ake ce masa, don ba wahalar da za ta sami mutum a duniyar nan da bai san abin da ya sa Allah ya bar ta ba. Yaro ya ƙone da ruwan zafi, iyayen ne suka yi sanyi da addu'a. Shago ya kama wuta, Ubangiji na koya wa mai shi tawali'u. Ka rantse tare da shi ake yanke shawara a sama.

Shi ne shugaban masu gaida marasa lafiya. Zai shiga ɗakin asibiti da rigarsa mai ƙaurin ƙarfe, ya ja kujerar mai jinya ya zauna, ya yi wa'azi har majinyaci ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Ban taɓa ganin ya miƙa wa wani ko kofin ruwa ba.

A gida kuwa Yayata na da ciwon suga, ga gyambo a diddige da ya ƙi warkewa. Kullum takan ɗaure shi da tsumma ta ja ƙafa zuwa kicin. Na ce masa, "Yaya, a kai ta asibiti mana, ƙafar nan ta fara wari."

Ya ce, "Ƙanwata, ƙarfe sai ya sha wuta yake lanƙwasuwa. Allah na aiki a kanta, kada mu katse shi."

Mutumin da ko tartsatsi ya taɓa masa yatsa sai unguwa ta ji!

Gaskiyar magana, ƙafar ta zame masa abin ado. Duk Lahadi lokacin shaida sai ya karɓi makirfo ya ce, "Ku dubi matata, ba ta taɓa cewa wayyo ba." A yi tafi, ita kuma ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe.

Wata Lahadi ya ce ta miƙe a gan ta. Ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta koma ta zauna, ta ce da ƙarfi, "Zafi nake ji. Na gaji."

 Malam Dalili ya fara cewa Shaiɗan ne ke gwada ta, sai wata tsohuwa daga zumuntar mata ta katse shi. "Ɗana, zauna. Yesu ma da kansa ya yi kuka a kan gicciye, bai yi kamar ba ya jin zafi ba." Matan suka ɗauki Yaya cak zuwa mota, suka bar shi riƙe da makirfo.

An makara. Likita ya ce dole a yanke daga ƙasan gwiwa, aka yanke.

Da ta farfaɗo ina gefenta ina jiƙa mata leɓe. Sai ga shi ya shigo, ya ja kujerata, ya gyara murya. "Uwargida, kin san dalilin da ya sa Ubangiji..."

Ta ɗaga hannu. "Maigida, ciwon sugan nan ban san dalilinsa ba, na bar wa Allah. Amma ƙafar nan na san wanda ya cinye ta. Kada ka ɗora masa."