Lagwanin Da Ya Raba Ni Da Malamina

Edita, a lokacin da abin nan ya same ni, ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina zaune a Abbasiya ɗaki ɗaya da wasu ustazai biyu 'yan gida. Ba yabon kai ba, Allah Ya ba ni murya, kuma ita kaɗai na mallaka. Ina karatun Alƙur'ani a gaban wani dattijon shehi Bamisire, burina in sauke a hannunsa ya ba ni ijaza, shaidar cewa karatuna ya sadu da na malamansa. Na yi nisa, saura ƙiris in kai.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kaɗaici yana cina. Abokan ɗakina mutanen kirki ne, amma hirarsu daga nahawu sai fiƙihu, ba wanda zan ce wa yau kewar gida ta hana ni cin abinci. Tun a gida ina ɗan taɓa sigari a ɓoye, sai na ce bari in rabu da ita, na sayi sigarin lantarki, irin mai tankin da kai za ka naɗa masa waya ka zura auduga. Mai shagon ya nuna mini komai. Ya ce audugar ta ratsa wayar ba matsi ba sako-sako, a tsefe bakinta biyu, a kwantar da su a ramukan ruwan tankin, a jiƙa ta sosai kafin a kunna. Na ce masa tamam, wato na gane, amma a raina dariya nake yi. Ni za a koya wa lagwani? Ni da na tashi ina gyara wa kakata fitilar ƙwai!

To, a nan na halaka kaina. A wurinmu lagwani mai kyau shi ne mai kauri, wanda ya kama gam, in ya yi baƙi a datse kansa a ci gaba. Haka na riƙa cusa audugar da ƙarfi har ruwan ya kasa hawa. Bayan la'asar sai in haye rufin bene, in zauna tsakanin igiyoyin shanya da tattabarun maƙwabta, da ɗan almakashina, ina murza auduga. Wallahi ba ma hayaƙin ne ya fi ja na ba, hannuna ne ya samu abin yi, lokaci yana wucewa. In na zuƙa sai in ji ƙauri ya daki maƙogwarona kamar an ƙona barkono a ɗaki, in yi tari har hawaye, in ce ƙarfin ruwan ne. In na buɗe na ga baƙi, sai in datse in mayar. Wa zan tambaya? Abin da nake ɓoyewa a cikin safa?

Muryata ta fara dishewa. Wata rana a gaban shehi na ja maddi sai numfashi ya yanke, sauti ya tsage. Ya ɗaga hannu, ya kira ni ɗansa, ya tambayi abin da ya same ni. Na ce mura ce. Ya ce ma'alish, wato ba komai, in sha shayin yansun da Misirawa ke sha don maƙogwaro, da zuma, in dawo in na warke. Likita kuwa bai yi mini kara ba, ya ce maƙogwarona ya kumbura, in bar zuƙe-zuƙe, in huta da karatu da ƙarfi. Na kai wa mai shagon tankin, da ya buɗe sai ya dafe kai, ya ce ai ƙonanniyar auduga nake sha tun tuni. A kwandon shararsa na bar abin.

Sai kunya ta rufe ni. Na ce ba zan koma wurin shehi ba sai da muryata cikakkiya. Wani ɗan shehin ya kira ni a waya ban ɗauka ba, ya sake kira na kife wayar. Watanni na yi daga aji sai ɗaki, ba na magana da kowa sai dole. Ranar da na ji muryar ta dawo, na yi wanka na sa farar riga na tafi da murnata. Ɗan ne ya buɗe ƙofa, ya dube ni, sannan ya ce an binne mahaifinsa tuni. Ya ce har shehi ya kwanta ciwo yana tambayar ina ɗan Nijeriyar nan, yana cewa a gaya mini ko ba murya in zo in zauna kusa da shi in saurari na wasu, zaman ma karatu ne. Kiran da na ƙi ɗauka ke nan.

Na samu ijaza daga baya a hannun wani, amma ba na iya dubanta da daɗin rai. 'Yan'uwa masu karatu a ƙasar wasu, kada ku yarda da zancen cewa wannan abin ba ya cutarwa, kuma in an koya muku abu ku ajiye girman kai ku saurara. Sama da duka, in kun yi kuskure kada ku shige ɗaki ku kulle. Ni ina saman bene ina kukan ba ni da kowa a garin nan, alhali ga tsoho yana cigiyata har ya bar duniya.