Ƙwayoyin Gwaggo

Wata biyar da haihuwar ɗiyata ta fari na kasa zama wuri guda. Ni da ake wa tsiya wai tabarma ta gaji da ni, sai ga ni ina zagaya tsakar gida, in shiga ɗaki, in fito, ban san abin da nake nema ba. Zuciya fat-fat, gumi tun da safe, in ci tuwo kwano biyu amma ina ramewa. Hannuna na rawa, har ran nan jinjirar ta kusa suɓuce mini a bakin murhu. Uwar mijina ta karɓe ta, ta ce nono kawai, a zaune, ba goyo. Wannan ne ya ci ni.

Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Mijina yana cin rani a Kano, ya bugo waya ya ce a kai ni asibitin Damagaram. Gwaggo, ƙanwar babana, ta raka ni.

Likita ta sa aka ɗebi jinina. Da takarda ta fito ta ce akwai ɗan nama a gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, ruwan da yake zubawa cikin jini ne ya yi mini yawa. Wani lokaci jiki ne da kansa ke zuga shi, ko ƙulli ya fito masa, ko ya kumbura bayan haihuwa. Ta taɓa wuyana, ba ƙulli.

"Kina shan wani magani?"

"A'a. Sai dai ƙwayoyin Gwaggo."

Tun da aka yanke wa Gwaggo maƙoƙo take shan wasu 'yan farare kowace safiya. A gidanmu kuwa, maganin da ya yi wa wani ba a hana ɗan'uwa. Da ta ga gajiyar jego ta kama ni, ta riƙa ba ni biyu.

Likita ta dubi Gwaggo. "Hajiya, naki an cire, shi ya sa kike sha. Ita nata yana nan, kika ƙara mata!"

"Yo ni ƙarfi na ga yana ba ni," in ji Gwaggo. Sai ta juyo kaina. "Kuma ke, ɗiyata, bakinki ba ya riƙe komai?"

Na daina sha. Kullum uwar mijina sai ta miƙo mini ƙwarya cike da ruwa, ta zuba wa hannuna ido. Sati na shida ruwan bai zube ba. Ta kwance zanen goyo daga bayanta ta ba ni.