Bakin Atamfa

Jiya a filin jirgin Madina, ina tura kayan alhazai, jakar wata hajiya ta yage, atamfa ta zubo. Kafin in ankara na juya bakinta ina neman inda aka saƙa ta. Ɗabi'ar Baba ce, dattijon da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Al-Sih. Bara warhaka ya rasu.

A masaƙa ya yi aiki a Kaduna, zamanin da kuɗin fetur ya shigo. Duk yadin da ya gani sai ya murza, ya shinshina, ya duba bakinsa.

Wata Juma'a bayan la'asar muna shan shayi da na'ana'a, na ce masa shugabannin zamaninsu ɓarayi ne, su suka jefa mu dako a ƙasar mutane.

Ya ce, "Sun ci, ɗana, ban musa ba. Amma injin yana juyawa. In aka busa jiniya, tituna cika suke da mu, kowa da auduga a gashinsa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, cin nan ne ya tsayar da injin. In ba haka ba, me ya kawo ka nan da furfura?"

Sai ya ƙara min shayi.

Har yau ban sauya ra'ayi ba. Amma in na taso daga aiki ba mai yi min musu, ɗakin shiru kamar masaƙar tasa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya tufatar da shi da tufar Aljanna, wadda ba sai ya duba bakinta ba.