Hasken da Kaka Azumi ke gani da shi

Ranar Alhamis ce, bayan sallar isha'i, a tsakar gidanmu na Tishigu. Akwai ni, da ƙanwata Fuseina, da Kaka Azumi, mahaifiyar babanmu, a gaban kurfotin, murhun gawayin da aka sauke tuwo a kansa.

Dokarta ɗaya ce: ba ta buɗe tatsuniya sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya rage ja. Fuseina ta ƙosa.

"Kaka, ki fara mana!"

"Ke mai bakin aku, bari wuta ta kwanta. Matso in ga goshin nan naki."

A daren ta ba mu labarin wani makiyayi da tumakinsa suka ɓace. Ya kunna damin ciyawa ya shiga daji, yana kira, ba ya ganin komai sai wutar hannunsa. Da ciyawar ta cinye, ya zauna zai yi kuka, sai ga idanun tumakin suna ƙyalli kewaye da shi.

Washegari Kawu Issahaku, ƙanen babanmu, ya dawo daga Kumasi da babban ƙwan lantarki, ya rataya a tsakar gida.

"Mma, duhu ya ƙare! Ko allura kika yar, za ki tsinta."

Muka yi ta tsalle. Kaka ta kare fuska da tafin hannu, ta ce Allah ya yi albarka. Dare na gaba ta kira ni da sunan Fuseina, muka kwashe da dariya. Daga nan ta riƙa shiga ɗaki da wuri. Kowa ya ce tsufa ne.

Na girma na kama aikin rediyo. Wata rana ina fassara hirar wata likitar ido, na ci karo da kalmar Turanci, glow: haske mai laushi, marar harshe, irin na garwashi ko na sama bayan faɗuwar rana. Ba a faɗarta ga hasken da ke kashe ido. Likitar ta ce wasu masu yanar ido a irin wannan haske kaɗai suke rarrabe fuskoki. Haske mai ƙarfi fari fat yake mayar musu da komai.

Na ajiye biro. Ashe ba al'ada Kaka take karewa ba. Fuskokinmu take jira. Makiyayin nan ma, ina zaton ba darasin haƙuri take koya mana da shi ba, halin da take ciki take faɗa, mu kuwa muna sauraron tumaki.

Aikin cire yanar ba mai tsawo ba ne, in ji likitar. Kaka ta rasu ba a taɓa kai ta asibitin ido ba.