Injin Cittar Kawu

Shekarar da aka rage ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, kawuna na cikin waɗanda aka sallama. Makanike ne, hannunsa ba ya iya zama. Kafin damina ta zagayo ya haɗa injin tsaga citta da tarkacen ƙarfe. Aikin da mata biyar ke yini a kansa da wuƙa, injin nan kafin azahar ya gama. Duk sirrin yana jikin wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, mai riƙe wuƙar a karkace.

Ina koyarwa a garin Gidan Waya lokacin. Na sayar da babur ɗina na zuba kuɗin a shagonsa, don mu ƙera da yawa. Abin da na dogara da shi ɗaya ne: mu kaɗai muka iya. Wani abokin aikina ya ce akwai takardar da gwamnati ke bayarwa a Legas, mai hana kowa kwaikwayon abin da ka ƙirƙira. Na roƙi Kawu ya kulle injin a ɗaki har mu samo ta.

Sai dai a wajenmu ba a hana aro. Wani mai walda daga Manchok, ɗan cocin su Kawu, ya zo wai cittar surukarsa za ta ruɓe. Kawu ya ɗora masa injin a mota da hannunsa. Bayan kwana huɗu ya maido shi, har da kaza ta godiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawu, ka ba kura ajiyar nama."

Ya ce, "Ɗana, mutum ya zo ƙofa na da damuwa, in ce masa sai takarda ya zo daga Legas?"

Wata biyu bayan haka muka tarar da irin injinmu guda uku a kasuwa a gaban mai waldan nan, an shafa musu koren fenti, sun fi namu araha. Na tsaya ina tuna babur ɗina. Kawu kuwa ya durƙusa ya leƙa cikin ɗaya, ya daɗe. Na ɗauka faɗa zai yi.

Sai ya kira mai waldan. "Wuƙan nan ba ka kwantar da shi daidai ba. Zai cire wa wata mata yatsa. Ba ni sifana in kwance shi."

Ni na riƙe masa ƙarfen har ya gyara ukun duka.