Ranar da Aka Ba Kafinta Riƙon Yayansa

Kafintan da ke kwanar layi ya yi furfura, har jikoki gare shi, amma har gobe in yayansa ya daka masa tsawa sai ya ajiye guduma ya ce to. Yayan ne ya rene shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya koya masa riƙe zarto. Tun da Yaya ya faɗo daga kan rufi kansa ya bugu, tunaninsa ya koma baya ya yi zamansa a can. Yana manta magani, yana manta hanyar gida, girmansa ne kaɗai bai manta ba. Kullum yana kan benci a shago, ya shafa ƙafar kujera ya ce a sake gogewa. Kafinta kuwa sai ya sake, ko da ta yi sumul.

Da idon Yaya ya fara ciwo, asibiti suka ce ba aiki sai da sa hannun wanda kotu ta ba riƙonsa. Lauya ta ce riƙo iri-iri ne: akwai na wucin gadi, akwai na lafiya kawai, akwai cikakke wanda ko kujera mutum ba zai sayar ba sai da izini. Ta ce cikakken ya fi sauƙi. Kafinta ya ce wannan sauƙin bai yi masa ba, a ba shi na lafiya, a bar wa Yaya shagonsa da bakinsa. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: kada a gaya wa Yaya a bainar jama'a cewa yanzu ƙanensa ke riƙonsa.

A kotu alƙali ya tambayi Yaya ko ya san abin da ya kawo su.

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Maganar riƙon yaron nan ce. Ku bar min shi. Ba shi da rigima, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa."

Alƙali ya dubi yaron mai furfura, bai gyara zancen ba. Ya tambayi Kafinta ko ya amince.

"Na amince, ranka ya daɗe," ya ce.

Aka ba Kafinta riƙon da ya nema. A bakin titi Yaya ya kama hannunsa gam, ya ja masa kunne kada ya tsallaka da gudu. Kafinta ya bar masa hannun, yana duba musu motoci su biyun.